Gasar farashin tikitin jirgin sama da matafiyan Birnin Kebbi da Argungu

A duk lokacin da kamfanonin jiragen sama a Nijeriya suka shiga gasar karya farashi, fasinjojin Lagos da Abuja ne kan fara gani a ƙasa. Matafiyin da zai tashi daga Birnin Kebbi kuwa, galibi labarin rangwamen kawai yake ji. Idan kuma farashi ya tashi, yana cikin waɗanda abin ya fi yi wa nauyi, domin ba kasafai yake da wani jirgin da zai koma wa ba.

Wannan bambanci yana da nasaba da yadda ake ƙayyade kuɗin tikiti, da yawan fasinjojin da kowace hanya ke samu, da kuma tarihin harkar sufurin sama a ƙasar, wadda kamfanoni da dama suka shiga da ƙarfinsu suka fita ba shiri.

Filin jirgi a Ambursa

An ƙirƙiro jihar Kebbi ne daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga watan Agustan 1991. Sai dai an shafe fiye da shekaru ashirin mutanen jihar na dogaro da filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Birnin Kebbi. Maniyyata aikin Hajji ma can ake kai su a motoci, su jira ranar tashi.

A zamanin gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015, aka gina filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a kusa da Ambursa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Filin ya rage wa alhazai wahala ƙwarai. A ranar 15 ga watan Mayun 2024 ma daga nan ne jirgin farko na maniyyatan Nijeriya na wannan shekarar ya tashi, inda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da jigilar, kamfanin Flynas na Saudiyya kuma ya kwashi ayarin farko.

To amma jigilar alhazai daban take da zirga-zirgar yau da kullum. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke zaɓen kamfanonin da za su yi aikin, a raba musu jihohi, a kuma sanya kuɗin jirgi cikin kuɗin kujera. Maniyyaci ba ya ciniki, kuma jirgi kan tashi a cike. Jirgin da ke zuwa Abuja ranar Talata ko Alhamis kuwa, sai an nemo masa fasinja ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanonin Azman Air da Air Peace na cikin waɗanda suka yi jigila tsakanin Birnin Kebbi da Abuja a lokuta daban-daban. Akasarin fasinjojin hanyar jami'an gwamnati ne da 'yan majalisa da 'yan kwangila da malaman jami'a, sai kuma masu harkar shinkafa, wadda ta bunƙasa bayan da shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na babban bankin ƙasa a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Waɗannan fasinjoji ne masu iya biya, amma ba su da yawan da zai cika jirage biyu ko uku a rana.

Yadda ake sanya wa kujera kuɗi

Kujerar jirgin sama haja ce da ba ta kwana. Mai sayar da shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi idan bai sayar da buhunsa yau ba, zai mayar da shi shago ya fito da shi gobe. Amma da zarar an rufe ƙofar jirgi, duk kujerar da ta tafi babu kowa a kanta ta zama asara har abada.

Bugu da ƙari, kusan duk kuɗin da ake kashewa a kan tafiya ba ya canzawa da yawan fasinja. Man da za a sha, da albashin matuƙa, da kuɗin hayar jirgi da na inshora, da kuɗin sauka da tashi, duka sai an biya ko da mutum goma ne a ciki. Saboda haka kamfani kan gwammace ya sayar da kujerar da ta rage a kan kowane farashi, maimakon ta tafi haka nan.

Daga nan ne dabarar rarraba kujeru ta samo asali. Akan ware 'yan kujeru kaɗan masu araha ga waɗanda suka saya da wuri, sauran kuma farashinsu na hawa yayin da ranar tafiya ke ƙaratowa. Shi ya sa mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Wanda tafiya ta kama ba zato, kamar mai zuwa jana'iza ko mai kai marar lafiya asibiti, shi ne kan biya mafi tsada.

A ɗauki misali da jirgi mai kujeru 120 wanda sai ya sami fasinja 80 kafin ya mayar da kuɗin da aka kashe. Idan masu tafiya a wata hanya ba su wuce 90 a rana ba, kamfani ɗaya zai iya rayuwa a kanta. Ranar da na biyu ya shigo, kowannensu zai tashi da mutum 45, kuma duka biyun asara za su yi. Daga nan sai a shiga rage kuɗi domin janye fasinjan abokin hamayya, har sai wanda aljihunsa ya fi rauni ya janye. Wanda ya saura kuma sai ya ɗaga farashi ya mayar da abin da ya rasa.

Wannan shi ne abin da ake kira yaƙin farashi. A hanyar Lagos zuwa Abuja, inda jirage ke tashi tun daga asuba har dare, gasar kan daɗe domin rangwame na jawo sababbin fasinjoji daga tashar mota. A ƙananan hanyoyi irin ta Birnin Kebbi kuwa, ko dai gasar ba ta farawa sam, ko kuma ta mutu cikin 'yan watanni.

Maganin da masana harkar suka fi ambata shi ne amfani da ƙananan jirage, irin su Embraer 145 mai kujeru 50, ko masu farfela irin su ATR 72 da Dash 8 masu ɗaukar kimanin mutum 70. Sai dai kamfanonin Nijeriya sun daɗe suna fifita Boeing 737, wanda ake samun tsofaffinsa da araha, kuma matuƙansa da makanikansa sun fi yawa a ƙasar. Akwai kuma fasinjojin da ke ɗari-ɗari da jirgi mai farfela, duk da cewa a gajeriyar tafiya ya fi tattalin mai nesa ba kusa ba.

Daga Nigeria Airways zuwa kamfanoni masu zaman kansu

Har zuwa shekarun 1980, kamfanin gwamnati na Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, shi kaɗai ke da ikon jigilar fasinja a cikin gida bisa jadawali. Gwamnati ce ke tsayar da kuɗin tikiti. Babu gasa a wancan zamani, amma akwai rububi, domin akan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, fasinjoji su yi ta tsere zuwa bakin jirgi.

Da aka sassauta dokar, sai 'yan kasuwa suka shigo. Daga Kano aka sami Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, daga Benin kuma Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion. Bayansu aka sami irin su ADC da Bellview da Chanchangi na Kaduna da IRS na iyalan Isyaka Rabi'u. Shi kuwa Nigeria Airways bashi ya yi masa katutu, ya daina tashi a 2003.

An sami sauƙin farashi a wannan lokaci, amma da tsofaffin jirage aka yi gasar, kuma ba a daɗe ba aka ga illarta. A watan Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Lagos, a watan Disamba kuma na Sosoliso ya yi haɗari a Fatakwal ɗauke da 'yan makaranta da dama. Sai kuma ranar 29 ga watan Oktoban 2006, lokacin da jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Abuja, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu tare da ɗansa da jikansa da sauran fasinjoji masu yawa. Wannan ita ce hanyar da mutanen Kebbi ke bi a lokacin, kuma har yanzu ba a manta da ranar ba a yankin.

Ba daidai ba ne a ɗora waɗannan haɗurra kai tsaye a kan arahar tikiti. Amma hukumomi sun ɗauki darasin cewa kamfanin da ba shi da jari mai kauri ba zai iya kula da jiragensa yadda ya kamata ba. Don haka gwamnati ta bai wa kamfanoni wa'adin ƙarshen watan Afrilun 2007 su ƙara jari: naira miliyan 500 ga masu jigilar cikin gida, naira biliyan 1 ga masu zuwa ƙasashen yankin, naira biliyan 2 kuma ga masu ƙetare nahiya. Waɗanda suka gaza an hana su tashi.

Arik Air ya fara aiki a 2006 da sababbin jirage, ya kuma mamaye kasuwa cikin 'yan shekaru. A ƙarshen shekarun 2000 kamfanin Aero Contractors ya ɓullo da sayar da tikiti ta intanet a kan 'yan dubban naira ga wanda ya saya da wuri, abin da ya sa ɗalibai da ƙananan ma'aikata da yawa suka hau jirgi a karon farko. Ƙarshen kamfanonin biyu bai bambanta sosai ba: hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓe ragamar Aero a 2016, ta kuma karɓe ta Arik a watan Fabrairun 2017.

Man jirgi da dala

Abin da ke hana rangwame ɗorewa a Nijeriya shi ne kamfanoni da naira suke sayar da tikiti, amma da dala suke biyan hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horar da matuƙa. Hatta babban gyaran da ake yi wa jirgi lokaci-lokaci, akasari a ƙasashen waje ake yin sa.

Sai kuma batun mai. An shafe shekara da shekaru ana shigo da man jirgi daga waje, a sauke shi a Lagos, sannan a ɗauko shi a tankoki zuwa arewa. Wannan ya sa litarsa ta fi tsada a filayen jiragen arewa. Matatar Ɗangote ta fara samar da man jirgi a 2024, amma ita ma a Lagos take, kuma farashinta na bin na kasuwar duniya.

A watan Fabrairun 2022 kamfanoni da dama suka mayar da mafi ƙarancin kuɗin tikitin tafiya ɗaya naira dubu 50, kusan a lokaci guda, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira dubu 30 ne a lokacin. Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ce za ta binciki ko haɗa baki aka yi, kamfanonin kuma suka musanta. A watan Mayun shekarar ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta AON ta yi barazanar dakatar da tashi baki ɗaya, tana mai cewa litar mai ta tashi daga naira 190 zuwa 700. An janye barazanar kafin ranar da aka tsayar.

Bayan da gwamnatin shugaba Bola Tinubu ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Daga nan tikitin naira dubu 100 zuwa sama ya zama ruwan dare, jirage da dama kuma suka maƙale a wuraren gyara a ƙasashen waje saboda rashin dalar da za a fanso su. Raguwar jirage kuwa ƙananan hanyoyi take fara shafa, domin kamfanin da jirage uku suka rage masa ba zai bar Lagos da Abuja da Fatakwal ya tura ɗaya Ambursa ba.

Haka ma idan hukumar NCAA ta dakatar da wani kamfani, kamar yadda ta yi wa Azman na wasu makonni daga watan Maris na 2021. A manyan hanyoyi fasinja kan koma wani jirgin ne kawai. A garin da kamfani ɗaya ko biyu ke zuwa, dakatarwa na iya nufin katsewar jigilar ɗungurungum.

Abin da doka ta ce

Dokar gasa ta tarayya, wadda shugaba Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta haramta abubuwa biyu da suka shafi wannan batu: haɗa baki domin tsayar da farashi, da kuma yadda babban kamfani kan sayar da haja ƙasa da kuɗin da ya kashe domin ya durƙusar da ƙarami. Kamfanonin jirage kuma wajibi ne su sanar da NCAA farashinsu, ko da yake hukumar ba ta yanka musu.

Tabbatar da laifi a nan yana da wuya. Kamfanoni na iya ɗaga farashi a mako guda saboda dukkansu mai ɗaya suke saya, kuma kowa na ganin farashin kowa a intanet. Rangwame ma haka yake, ba a cika sanin inda gasa ta tsaya mugun nufi ya fara ba.

Misalin da aka fi sani a duniya shi ne na Sir Freddie Laker, ɗan Birtaniyar da ya fara jigila mai araha tsakanin London da New York a 1977. Manyan kamfanoni sun rage nasu farashin, kamfaninsa ya rushe a 1982, kuma ƙarar da aka shigar a Amurka bisa zargin haɗa masa kai ta ƙare ne da sulhu a wajen kotu a 1985.

An ga mai kama da haka bayan da Air Peace ya fara zuwa filin Gatwick na London daga Lagos a ranar 30 ga watan Maris na 2024. Kamfanonin ƙasashen waje sun sauke farashinsu sosai, shugaban Air Peace Allen Onyema kuma ya yi zargin cewa so ake a kore shi daga hanyar. Sai dai a daidai wannan lokacin ne babban bankin Nijeriya ya biya akasarin kuɗaɗen kamfanonin wajen da suka maƙale a ƙasar, abin da shi ma ya taimaka wajen dawo da tikiti masu sauƙi. Ɗan Kebbi mai zuwa London ya amfana da wannan gasa, amma daga Lagos kawai, domin ba ta rage masa ko kwabo ba a kuɗin isa can daga gida.

Masu hamayya na gaskiya

Tun da ba kasafai jirage ke gasa da juna a Ambursa ba, abubuwa biyu ne ke taka wa farashi birki. Na farko filin jirgin Sakkwato. Argungu na tsakanin filayen biyu, kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi da kuma kimanin 100 daga Sakkwato, saboda haka mutumin Argungu kan duba farashi da ranar tashi a duka biyun kafin ya yanke shawara. Wannan alheri ne ga matafiyi, amma yana ƙara raba 'yan fasinjojin da dama ba su da yawa.

Na biyu kuma mota. Tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora ta haura kilomita 600, kuma takan cinye yini guda. A da wannan ita ce zaɓin duk wanda ya ga tikiti ya fi ƙarfinsa. Amma matsalar 'yan bindiga a kudancin Kebbi da jihar Neja, wadda ta fito fili da sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, ta sa mutane da dama suka fara ɗaukar jirgi a matsayin larura. Fasinjan da tsoro ya kawo ba ya jayayya a kan farashi.

Wasu gwamnatocin jihohi a Nijeriya kan ƙulla yarjejeniya da kamfani cewa za su biya kuɗin kujerun da ba a sayar ba, domin dai jirgi ya ci gaba da sauka a jiharsu. Jihar Akwa Ibom ma nata kamfanin ta kafa, Ibom Air, wanda ya fara aiki a 2019. Masu goyon bayan irin wannan tallafi na cewa ba mai zuba jari da zai je inda jirgi ba ya zuwa. Masu suka kuwa na ganin kuɗin talakan da bai taɓa shiga jirgi ba ne ake rage wa masu hali kuɗin tafiya da shi. Amurka ma da ta sakar wa kamfanoninta mara a 1978, sai da ta ware tallafi na musamman domin kada a yi watsi da ƙananan garuruwa.

Akwai lokutan da fasinja kan yi yawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake dangantawa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, yakan cika jirage da manyan baƙi, kamar yadda aka gani da aka dawo da shi a watan Maris na 2020 bayan hutun kimanin shekaru goma. To amma biki na 'yan kwanaki ne, kuma kamfani ba ya tsara jadawalin shekara a kansa. Hazon hunturu kuma kan tilasta soke tashi a watannin Disamba da Janairu.

Ƙetare iyaka

Birnin Yamai ya fi kusa da Birnin Kebbi a kan Abuja, kuma 'yan kasuwa na bin hanyar Kamba da Gaya da Dosso a mota. Wanda ya ce sai ta sama zai je, sai ya fara komawa Abuja, wani lokaci ma ya ratsa ta wata ƙasar kafin ya isa.

Tun bayan rushewar kamfanin Air Afrique a 2002, tafiya tsakanin biranen Afirka ta Yamma na cikin mafi tsada a duniya idan aka auna da nisa, kuma haraji da kuɗaɗen filin jirgi na cin babban kaso na tikitin. Ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar Yamoussoukro ta buɗe sararin samaniya a 1999, Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a watan Janairun 2018, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya. A watan Disamban 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a soke wasu haraji a kan tikiti, a kuma rage kuɗaɗen fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari daga farkon 2026. Jamhuriyar Nijar, wadda ke maƙwabtaka da Kebbi, ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso.